Zagaye Goma Sha Biyu

Duk shekara makarantu sukan turo mini matasa su koyi naɗin koyil na 'yan watanni, kuma duk shekara tambayar ɗaya ce. Za su tsaya a kaina ina zura waya a ramin moton inji, su kalli juna, sai mai surutun cikinsu ya ce, "Baba, in dai wannan ne aikin, ai sati biyu ya ishe mu ko?" A da nakan yi faɗa. Yanzu ba ni da ƙarfin faɗa, ciwon baya ma ya ishe ni. Shi ya sa na ga gara in rubuta abin sau ɗaya, mai karantawa ya karanta, in huta da maimaita wa sababbin fuskoki tsohuwar magana.

Ba na ganin laifinku sosai, don daga nesa aikin ba shi da wani abin mamaki. Fanka, injin markaɗe, injin ruwa, janareta, duk wanda ka buɗe cikinsa jar waya za ka tarar an nannaɗe a ramukan ƙarfe. Wayar nan in tana miƙe, ko ka sa mata wuta ba wani abin kirki za ta yi ba. Amma lanƙwasa ta ta zama zobe, ka ɗora zagaye a kan zagaye, sai ƙarfin maganaɗisu ya taru a tsakiyar zoben, shi ne yake tura ƙarfen da ke tsakiya ya yi ta juyawa. Ranar da wayar ta ƙone a kawo mana, mu cire tsohuwar mu naɗa sabuwa. A baki ke nan. A hannu kuwa, shekara talatin da ɗoriya ina yi, kuma har gobe akwai moton da in na buɗe shi sai gabana ya faɗi.

A Fagge na koya, a Kano, wajen wani dattijo da ake kira Alhaji Mamman Dogo, Allah ya jiƙansa. Shekarata ta farko a shagonsa ban taɓa sabuwar waya ba. Aikina kwance ƙonanniya da ƙirga ta. Za a ba ni moton da ya ƙone ƙurmus, in yanke koyil ɗaya, in bi shi sili-sili, duk goma in jefa ƙwallon dabino ɗaya a gwangwani. Doka ce a shagon, mai ƙirga ba ya amsa sallama sai ya kai goma. Ko limamin unguwa ne ya shigo, hannu kawai za ka ɗaga masa. Ranar da na amsa gaisuwar wani ɗan garinmu a tsakiyar ƙirga, na rasa ko talatin da bakwai nake ko da takwas, Maigida bai zage ni ba. Koyil shida ya miƙo mini, ya ce in ƙirga kowanne sau uku kafin in ci abinci. Maganarsa guda ce, ya nanata ta har muka haddace: "Abin da ka tarar shi za ka mayar. Kaurin wayar, yawan zagayen, da ɓangaren da aka lanƙwasa ta. Wanda ya ƙera injin ya fi ubanka sani."

Fankar sama ta wani mai shayi ita ce aikin farko da aka sakar mini ni kaɗai. Kwana biyu ina kanta. Na ɗaure da zare, na shafa banish, ta fito tana ƙyalli, ni kuma ina ta waige-waige ko wani zai yaba. Aka sa wuta, sai gurnani. Ta ɗan motsa, ta tsaya, ta fara ɗumi. Maigida ya ɗauko wata allura da ya goga da mayen ƙarfe ya rataye a zare, ya haɗa naɗin da batir, ya riƙa bi rami-rami. Allurar ta nuna nan, ta juya can, ta dawo nan, ta juya can, da ya zo kan koyil na biyar sai ta ƙi juyawa. Ashe kifa shi na yi, maimakon ya bi hagu ya bi dama, ƙarfinsa yana kokawa da na maƙwabtansa. Ƙirgata daidai, wayata daidai, lanƙwasa ɗaya ce ta tafi baibai. Na kwance aikin kwana biyu da hannuna, mai shayin yana tsaye a kaina yana fifita da murfin kwali.

Na dawo gida lokacin da Dutse ta fara cika da ma'aikata, kowa da fankarsa, na kama shagon nan da nake ciki har yau. Kayan aikina ba su canza ba: katako mai ƙusoshi da nake naɗa waya a kai, gejin auna kaurin waya wanda lambobinsa suka goge sai dai in gane su da yatsa, wuƙar da aka fere daga tsohon zarto, 'yar gudumar roba, takardar shimfiɗawa a rami, zare, banish, da rabin duro mai ƙwan fitila a ciki inda nake gasa aiki ya bushe. In babu wuta, rana ta gasa. Ku dubi yatsuna in kun zo. Bakin ramin moto kaifi gare shi, ya yanka ni har fatar ta daina jin yanka. Warin banish ya zauna mini a ƙirji, idona kuma yanzu sai da tabarau biyu a kan siririyar waya. Ba kuka nake muku ba, lissafin sati biyun nan nake so ku sake dubawa.

Masu kawo aiki kuwa, ban taɓa ganin wanda ya ce shi ya ƙona injinsa ba. Kullum yana cikin aiki lafiya lau kawai ya tsaya. Akwai wata mai markaɗe daga Kiyawa da takan ɗura wa injinta jiƙaƙƙen wake har wuya, wuta ta yi ƙasa, moto yana kuka tana ƙara dannawa, washegari ta zo ta rantse mini ko rabin kwano ba ta zuba ba. Ni ba na musu da kowa, hanci nake kai wa. Wayar da lodi ya dafa a hankali warinta daban, wadda ruwa ya shiga daban, wadda wuta ta buga farat ɗaya ita ma daban. Sai in ce, "Hajiya, Allah ya kiyaye gaba," in karɓa. Bayan wata huɗu ta dawo da rantsuwar nan dai.

Shekarar da jar waya ta yi tsada ita ce ta lalata sana'ar nan. Gyaran ƙaramar fanka ya kusa kamo sayen sabuwa, mutane suka koma miƙa wa 'yan jari-bola ƙananan kaya. Sai in yini a shago ban ga aiki ba sai masu tambayar hanya. A shekarar ne masu naɗi da yawa suka koyi satar zagaye. Inda aka tarar da sittin a mayar da hamsin, a cusa takarda ta cike gurbin. Injin zai tashi a shago, ya ɗan yi kwanakinsa, ya mutu a hannun mai shi. Ni ban taɓa yi ba, kuma ban ɓoye alfaharina da hakan ba. Duk wanda ya zauna a bencina sai ya ji cewa Isiyaku ba ya rage ko sili ɗaya.

Cikin masu zama a bencin har da Malam Yohanna, mutumin Filato, malamin lantarki a wata makarantar koyon sana'a a nan Dutse. Gyaran fanka ne ya fara kawo shi, hira ta riƙe shi. In an tashi daga makaranta sai ya biyo ta wajena, biro a aljihun gaba, kuma shi komai sai ya lissafa. Ya taɓa ɗaukar guntuwar waya ya lanƙwasa tsakiyarta rabin zobe, ya bar bakinta biyu a miƙe, ya ce in na gaya masa faɗin lanƙwasar da yawan wutar da ke bi ta ciki, zai gaya mini ƙarfin maganaɗisun da ke tsakiyarta. Wai miƙaƙƙun ɓangarorin da suka nufo tsakiyar ba sa ƙara komai, lanƙwasar ce ke aikin, in kuma ka matse zoben ƙarfin ya ƙaru. Na ce, "Malam, lissafin nan naka ya taɓa juya fanka?" Ya yi dariya ya ce, "Oga Isiyaku, ai hannunka ma lissafi yake yi, kai ne dai ba ka sani ba." Haka muke, ina tsokanarsa yana tsokanata.

A ƙarshen sanyin shekarar tsadar wayar nan, zafi ya fara leƙowa, Malam Sa'idu ya zo da sumo a cikin buhu ɗaure a bayan babur. Sumo shi ne dogon injin nan da ake zurawa cikin rijiyar burtsatse ya turo ruwa sama. Malam Sa'idu manomi ne daga wani ƙauye bayan Aujara. Ƙasarsu rairayi ce, ba fadama, ruwa yana can ƙasa inda ƙananan injinan fetur ba sa iya jawowa. Shanun huɗarsa biyu ya sayar ya haƙa rijiya, ya sayo sumo na hannu da janareta a Kano, ya dasa tumatir da tattasai. Shi ne na farko da ya gwada noman rani a ƙauyen, mutane suna yi masa kallon wanda ya zautu.

"Malam," ya ce, "sun fara fure. Ƙasar nan tamu in ta kwana uku ba ruwa, sai dai wani zancen. Ka taimake ni don Allah."

Na ture duk aikin da ke gabana. Na buɗe, na yanke koyil, na ƙirga sau uku, arba'in da huɗu. Na auna kaurin waya. Na ga takardar ramin ninki biyu ce, na ga zaren ɗaurin ba irin na kamfani ba ne. Idona ya gani, kaina bai tsaya a kai ba, sauri nake. Da na zo zura sabuwar waya sai ta shige salin-alin, ba dukan guduma, ba ciwon yatsa. Ramin sumo matsattse ne, yakan ci wa mutum yini biyu, wannan kuwa kafin la'asar na gama. Duk mai naɗin da ya san kansa, in waya ta shige masa da sauƙi haka, tsorata ya kamata ya yi. Ni murna na yi, na ce yau aiki ya zo da sauƙi.

Washegari na gwada shi a duron ruwa, ya yi feshi har kan titi. Malam Sa'idu ya tafi yana sa mini albarka. Kwana huɗu sai ga shi ya dawo, da buhun nan a bayan babur.

Na ɗora wa janaretansa laifi, na ce wutarsa ce take hawa da sauka. Ya ce ya riga ya kai an duba, an ce lafiyarsa ƙalau. Na ce to rairayi ne ya shige shi. Malam Yohanna yana zaune yana jin mu, sai ya taso ya leƙa cikin ƙarfen sumon da na buɗe.

"Oga, wannan ƙunar ta ko'ina ce, bai-ɗaya," ya ce. "Bari in auna ƙarfen nan mu ga ko zagaye nawa ya kamata ya ɗauka. Minti goma ne."

A gaban mai kaya ya faɗa, kuma shi ne abin da ya ɓata mini rai. Na ce, "Malam, arba'in da huɗu na tarar, sau uku na ƙirga. Wanda ya ƙera shi ya fi ni da kai sani. Ka bar allonka a makaranta."

Ya mayar da bironsa aljihu ya koma ya zauna. Malam Sa'idu ya dube shi, ya dube ni, bai san wanda zai bi ba, sai ya bi mai furfura da shago.

Na sake naɗa arba'in da huɗu da wayata, ban karɓi komai ba, har ina jin na yi abin kirki. A kwana biyun da aikin ya ɗauka, Malam Sa'idu da iyalinsa suna jigilar jarkoki daga rijiyar gari da amalanken aro, suna bin shuka gindi-gindi da moɗa, har matan gari suka fara ƙorafin rijiyarsu tana ƙafewa kafin azahar. Ya zo ya karɓi sumo ya tafi. Wannan karon kwana uku ya yi.

A zuwansa na uku bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya sauke buhun a ƙofar shago, ya zauna a ƙasa kusa da shi, ya ce, "Malam, furen ya fara zuba."

Na rufe shago da rana tsaka, na saɓa ƙarfen na tafi makarantar su Malam Yohanna, na tsaya a ƙofar aji har ya fito. Bai tuna mini maganata ba, kuma har yau ina jin nauyinsa saboda haka. Ya auna faɗin ƙarfen da tsawonsa da rula, ya ƙirga ramuka, ya tambayi ƙarfin wutar janareta, ya cika rabin shafi da lambobi.

"Ƙarfe ma yana ƙoshi, Oga," ya ce. "Akwai iya maganaɗisun da zai iya ɗauka. In zagaye ya yi kaɗan, sai moto ya riƙa zuƙar wuta fiye da ƙima, ƙarfen kuma ya riga ya ƙoshi, sauran duk ya zama zafi. Minti biyar a duro ba za ka gani ba. Awa shida a rijiya kuwa, dole ya dahu." Ya ja layi a ƙarƙashin lissafin. "Tsakanin hamsin da biyar da hamsin da bakwai. Iyakar inda birona zai kai ke nan. Sauran sai ramin ya gaya maka."

Na koma shago, na shimfiɗa takarda falle ɗaya yadda ya kamata, na gwada. Hamsin da bakwai ya ƙi shiga. Hamsin da shida ya shiga da guduma, ya zauna daram. A nan na gane abin da ya faru. Wani ya riga ni naɗa sumon nan kafin a sayar wa Malam Sa'idu, ya sace goma sha biyu a kowane koyil, ya ninka takarda ya rufe. Ni kuma mai amana na zo na kwafi satarsa sili-sili, har sau biyu, ina ƙirgawa sau uku-uku don kada in yi kuskure. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Maigida ya koya mana mu mayar da abin da muka tarar a zamanin da abin da ake tararwa aikin kamfani ne. Shi bai ga zamanin satar zagaye ba. Ni na gan shi, kullum ina zaginsa a benci, amma ban taɓa kawo wa raina cewa zai shigo shagona a cikin buhu ba.

Ku da ake koya wa lissafin nan a aji, ku riƙe shi da kyau, kada wani tsoho irina ya raina muku shi. Amma ku sani biro bai san takarda mai ninki biyu ba, bai san matsin rami ba, sai wanda ya daɗe yana yanke yatsa. Ranar nan akwai mai lissafi a bencina, akwai mai hannu a kan aiki, abin da ya hana su haɗuwa girman kaina ne kawai.

Wayar da ta rage mini ba ta isa ba, kuma duk Dutse babu irin kaurinta, sai da na shiga Kano. Yini ɗaya a hanya, biyu a naɗi, ɗaya a gashi. Malam Sa'idu ya koma gida tun ranar da ya kawo. Da na gama ban jira shi ba, na ɗaure sumo a babur na kama hanyar Aujara da kaina.

Tun daga nesa na ga an buɗe shingen gonar. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san manomi ba ya buɗe wa dabbobi shinge sai ya sallama. Awaki suna ciki suna tsinkar abin da ya rage na ganyen tattasai, tumatirin ya kwanta ya koma launin ƙasa. Malam Sa'idu yana zaune a gindin darbejiya. Ya taso ya tarbe ni, ya yi mini sannu da hanya, ya tambayi iyali, ya sa aka kawo mini fura. Na ce a ajiye furar mu zura injin tukuna. Ya ce to, na kuma san don kada ya kunyata ni ya amsa.

Muka zura shi da igiya, ya tayar da janareta. Ruwa ya fito da ƙarfin da ya ce bai taɓa gani ba tun da ya sayi injin. Muka bar shi yana aiki tun hantsi har bayan azahar, ina taɓa wayar wutar lokaci-lokaci, sanyi ƙalau. Ruwan ya bi hanyoyin da aka tsara masa, yana cika fangali bayan fangali, yana kewaye busassun karare. Awaki suka bar ganye suka taru suna sha.

Na fara ba shi haƙuri, sai ya ɗaga mini hannu.

"Malam, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Abu ɗaya kawai nake so in sani. Wannan karon me ka canza?"

"Zagaye na ƙara. Goma sha biyu a kowane naɗi."

"Waya kamar yaya ke nan?"

Na dunƙule hannuna na nuna masa. In aka cure ta duka wuri ɗaya, ba za ta wuce haka ba.

Ya daɗe yana kallon hannun nawa. Sannan ya juya ya bi gonar da ido, tun daga wannan shinge har wancan.

"Ashe ba ta da yawa," ya ce.